Gudumar Mannir da Babban Yatsana

Masu karatu, kafin wata ta cika mini akwatin saƙo da wa'azi, bari in faɗa da bakina tun daga farko: na raina Mannir. Ban ce na tsane shi ba, don sai ka ɗauki mutum da nauyi kake tsanarsa. Raini ne zalla, irin wanda idan mutum ya yi sallama a zaure za ka ji kasala ta sauko maka tun daga wuya har gwiwa. Ku bari in kai ƙarshe, sannan ku yanke mini hukunci.

Ga waɗanda yau suka fara haɗuwa da ni, sunana Safiya, a Tsafe nake, ina koyarwa a wata firamare. Babanmu, Malam Abdu mai inji, Allah ya jiƙansa, bai bar mana gona ba, bai bar shanu ba. Abin da ya bari shi ne tsohon injin niƙa mai fistin ɗaya, baƙi ƙirin, a wani ɗan shago da ke manne da zaurenmu, da 'yar taga wadda ke kallon tsakar gida. Injin nan ya girme ni, ya girmi yayata Balkisu. Da shi aka ciyar da mu, da shi aka yi mana karatu, kuma tun rasuwar Baba da shi Inna take riƙe da gidan. Ni da ita muke kama hannun tayarwa mu murɗa, mata su shigo ta cikin gida su miƙa ƙwaryarsu ta taga.

Bayan damina injin ya fara wata irin ƙara a can cikinsa, ƙwas-ƙwas-ƙwas, har wata rana da hantsi ya tsaya cak. Tun daga nan gidanmu ya yi tsit. Matan unguwa suka koma niƙa bakin tasha, Inna ta koma zama a bakin tagar nan tana tsince wake wanda babu abin tsincewa a cikinsa.

A nan Mannir ya samu ƙofa.

Mannir yana da shagon kayan gyaran mota a Gusau, yana da gida a Damba wanda ya yi wa fenti kalar ruwan ƙwai, yana da mota wadda aka rubuta "Injiniya Mannir" a gilashinta na baya don kada wanda ke biye da shi ya rasa sanin wanda ya tare masa hanya. Ban san wanda ya ba shi injiniyancin ba. Abin da na sani, sayar da ƙarfe daban, sanin ƙarfe daban. Haifaffen nan ne, amma ya zubar da maganar garinmu ya ɗauki Hausar Kano, ya barbaɗa mata turanci. Ni kuma sunana a bakinsa Madam. Tun da ya fara zuwa zance bai taɓa yi mini tambaya ya jira amsa ba.

Ba wanda ya ce mini dole, kada ku ɗauka haka. Ni ba yarinya ba ce, kuma Baffa Bawa, ƙanin Baba, ba mai ɗaure mutum ba ne. Amma akwai matsin da ba a kiransa dole, kun san shi. Kullum na kunna waya sai na tarar da muryar Yaya Balkisu daga Bungudu, doguwa kamar huɗuba: "Sahiya, mi kike jira? Ƙawayenki duk sun yaye na biyu. Mutum ga mota, ga gida, ga ladabi. Ke dai ki ce iyayi ad da ke."

Ranar da Mannir ya zo gaida Inna ya ga shagon a rufe, sai ya dafe ƙirji.

"Haba Inna! Injin Baba yana kwance ina raye? Ai wannan cin fuska ne a gare ni. Ni zan tayar da shi, da hannuna, ba ko sisi."

Baffa Bawa, da ke wurin a lokacin, ya kusa tashi da rawa. "Kun ji ɗan halak! Da can gayyar noma saurayi ka kai ma surukai, shi wanga gayyar inji za shi kawo. To Mannir, ran da injin ga yat tashi, ran nan muka zama mu tsaida magana."

Na dubi Inna ina jiran ta ce wani abu. Sai na ga idonta ya cika da ƙwalla, tana ta sa masa albarka. Ba Mannir take gani ba, na sani, ƙarar injin take ji a kunnenta. Na shige ɗaki na faɗa kan katifa, na ce wa filo abin da ba zan rubuta a nan ba.

Ran Asabar ya iso aiki. Ku ji kayan aikin: farar shadda mai sheƙi, ɗinkin hannu har ciki, hula zanna an karya ta gefe, agogo mai ruwan zinari, zobe a ƙaramin yatsa, turaren da ya riga shi shiga zaure. Abin da ya fara kafawa a shagon ba sifana ba ce, sandar ɗora waya ce. Ya gyara hula a fuskar wayar, ya yi murmushi.

"Jama'a barkanku, Injiniya Mannir ne. Yau za mu dawo da wani tsohon inji duniya."

Gaskiya ɗaya zan ba shi, kwancewa ya iya. Kowa ma ya iya kwancewa. Ya fito da fistin da sandarsa, wadda kanikawa ke kira kwanrod, ya gano inda ciwon yake. A kan sandar nan akwai rami, a cikin ramin akwai ɗan zoben tagulla da ake kira bushin, ta cikinsa fin ke ratsawa ya haɗa sandar da fistin. Bushin ɗin ne ya cinye, fin yana ta rawa a ciki, shi ne ƙwas-ƙwas ɗin da muke ji. Ya ciro sabo daga aljihu ya nuna wa wayar.

"Orijinal. Ba irin na bakin titi ba."

Ina bakin taga, na yafa mayafina ruwan toka, ina riƙe da kofi kamar wadda ta zo wani abu. Sai na ga ya ɗora sandar a kan dutsen da muke tokare ƙofa da shi, ya saita bushin a bakin ramin, ya ɗauki guduma.

Guduma, jama'a.

Bari in tsaya in gaya muku dalilin da ya sa gudumar nan ta dame ni. Baba bai haifi namiji ba, kuma Yaya Balkisu warin gas amai yake sa ta, don haka ni na tashi a shagon nan. Duk lokacin da Baba zai canza bushin, hidima ce ta yini guda. Zai aika a sayo ƙanƙara ya binne bushin a ciki don ya tsuke. Zai sauko da wata tsohuwar tukunya da ke rataye a bayan madafa, Inna ta ɗora masa baƙin mai a wuta, ya tsoma kan sandar don ramin ya buɗe. Sannan ya haɗa su a bayis, abin matse ƙarfe, ya riƙa murɗawa a hankali yana bismilla, bushin ya shige sumul ba tare da an taɓa lafiyarsa ba. Kafin ya matsa kuwa sai ya duba ya sake dubawa, don akwai ɗan ƙaramin rami a jikin bushin, akwai wani a kan sandar, dole su kalli juna. Ta nan mai ke sauka ya jiƙa fin. In suka saɓa, fin ya zauna da ƙishirwa.

Bayan ya huce sai ya ɗauki rima, ƙarfen gyara faɗin rami, ya riƙa share cikin bushin kaɗan-kaɗan, yana gwada fin. Daga nan sai ya ɗaga murya: "Sahiya! Kawo ma'aunina."

Ma'aunin shi ne babban yatsana. Ya ce nasa ya yi ƙarfi, zai iya tura abin da bai kamata ya shiga ba. In na danna fin da yatsana ya tafi a hankali, bai tsaya ba kuma bai faɗo da kansa ba, to aiki ya yi. In ya ƙi, a ƙara sharewa. Haka na girma ina jin cewa yatsana wani abu ne a duniya.

To wannan wurin ne Mannir ya sa wa guduma. Kwam! Kwam! Kwam! Bakin tagullar ya baje, ya lanƙwashe ta gefe guda. Ko ta kan ramin mai bai bi ba, ina hango shi daga inda nake, ya juya can gefe yana kallon bango. Da ya zo sa fin ya ƙi shiga, sai ya ƙara masa guduma har ya nutse. Ya kama fistin ya gwada kaɗa shi, ya ƙi motsi sai da ya sa hannu biyu.

"Kun gani?" ya ce wa wayar. "Gam! Matsi shi ne ƙarfi. Wannan sai jikokinmu."

Wallahi ban yi niyyar magana ba, bakina ne ya riga ni.

"Malam Mannir, ramin mai fa? Kamar bai hau kan na sandar ba."

Ya juyo ya dube ni da murmushin da ake yi wa yaro in ya sa takalmin babansa. Baffa Bawa da ke zaune kan benci ya yi gyaran murya.

"Madam kenan," in ji Mannir. "Wannan fannin ba na alli da allo ba ne. Taimaka mana da ruwa mai sanyi."

Na kawo masa ruwan. Har da faranti.

Ya naɗe fistin da sandar a tsumma ya ajiye kan tebur, ya ce sai an kawo masa sauran kayan haɗi, ringi da gaskit, daga Kano zai dawo ya haɗa, ran Asabar mai zuwa a tayar. Ya karkaɗe shaddarsa ya tafi. Ko ɗigon mai bai taɓa ta ba, wannan kaɗai ya isa ya gaya muku irin aikin.

Ni kuwa na koma ɗaki zuciyata fes. Na san abin da zai faru kamar na gani. Injin zai tashi, a yi guɗa, a yi tafi. Kafin a gama niƙa ƙwarya biyu fin zai yi zafi, ba mai, ba wurin motsi. Zai kama, sandar ta karye, ta fasa cikin injin ta leƙo waje. A gaban Baffa, a gaban matan unguwa, a gaban wayarsa. Daga ranar ko sunan Mannir ba za a sake ambata a gidanmu ba. Kuma ba ruwana, ai na faɗa, aka aike ni ɗebo ruwa.

Na ɗauki waya na rubuta wa Comfort. Comfort maƙwabciyarmu ce, tare muka yi firamare, babanta ma'aikacin asibiti ne da aiki ya kawo shi Tsafe tun kafin a haife mu. Yanzu tana da firiza mai aiki da hasken rana, tana sayar da ƙanƙara da zoɓo.

"Allah ya kawo mini mafita. Injiniyanku ya kashe kansa da guduma."

Na zayyana mata komai. Ta turo fuskar dariya har uku, sannan na riƙa ganin alamar tana rubutu tana gogewa. Can sai ga shi:

"To in injin ya fashe ana samun wani?"

"Irin wannan? Ko a Kano sai dai a tarihi."

"Inna fa?"

Na kife wayar. Comfort tana da wannan halin, ana cikin daɗi sai ta kawo gaskiya.

A ranakun da suka biyo baya saƙonnin Mannir ba su tsaya ba. "Madam ya gajiyar kallon aiki?" "Madam mutane sun yi ta yaba bidiyon nan." "Madam wace kala kike so a labulen falo?" Ina karantawa ina taɓe baki, ina ce masa a raina, zaɓi kalar da za ka rufe fuska da ita.

Amma Inna ta hana ni sakat, kuma ba da magana ba. Ta wanke mazubin hatsi da toka har yana ɗaukar ido. Ta share yanar gizo-gizo a shagon. Ta aika gida-gida a gaya wa mata su jiƙa hatsinsu, ran Asabar niƙan farko kyauta ne, sadaka ga Malam. Ta ciro atamfarta mai ganye-ganye daga ƙasan akwati, wadda ban ga ta ɗaura ba tun kafin takaba. Wata rana na dawo daga makaranta da la'asar na leƙa ta taga, na same ta ita kaɗai tana goge babbar ƙafar injin da tsumma, tana magana ƙasa-ƙasa.

"Ka yi haƙuri, ka ji? Kaɗan ya rage."

Ban sani ba ko da injin take ko da Baba. Na koma da baya a hankali, na zauna a bakin rijiya da jakata a kafaɗa. Na ji haushin Mannir, na ji haushin Baffa, na ji haushin Comfort, na fi jin haushin kaina. Don na gane cewa zan iya kallon Mannir ya kunyata ina cin gyaɗa, amma ba zan iya kallon fuskar Inna ba lokacin da ƙarfen nan zai fashe.

Ran Alhamis ba mu da makaranta, Inna ta shirya zuwa barkar haihuwa a 'Yandoto. Ta ce in zo mu tafi, na ce kaina ke ciwo. Ta dube ni ta ɗan jima, ta gyara lulluɓi ta fita. Ƙarar babur ɗin da ya ɗauke ta bai gama ɓacewa ba na kira Comfort.

"Kawo ƙanƙara a kula. Ki zo da tsohon zane."

"Kin san abin da kike yi wa kanki kuwa?"

"Na sani. Ki zo kawai."

Na tuɓe doguwar rigata na sa wata tsohuwar rigar Baba, na ɗaure kai da ɗankwali tamau. Akwatin ƙarfensa yana ƙarƙashin tebur inda ya bar shi, Mannir ko buɗe shi bai yi ba. Rima tana ciki a naɗe, ga kuma bushin sabo a cikin tsumma mai maiƙo, don Baba bai taɓa sayen ɗaya ba, kullum biyu yake saye. Na sauko da tukunyar nan daga bayan madafa, ƙura ta yi mata hula. Na hura wuta.

Fitar da abin da Mannir ya yi shi ya fi ba mu wuya. Sai da na jiƙa fistin a ruwan zafi, muka sa a bayis, ni da Comfort muka rataya a hannunsa muna nishi, sannan fin ya fito da wata ƙara kamar an cire haƙori. Allah ya taimaka fin ƙarfe ne mai tauri, bai ji ciwo ba. Bushin ɗin kuwa da ya faɗo, kun ga goron da aka tauna aka tofar? Baki a baje, ciki a kakkarce, sawun guduma ko'ina.

"Wannan shi ne orijinal?" in ji Comfort.

"Da orijinal ne. Ya gamu da injiniya."

Na binne sabon a ƙanƙara. Na tsoma kan sandar a mai har ya fara hayaƙi. Na ja layi da alli a kan ramin mai na bushin, na ja wani a kan na sandar, allin makarantar da aka ce ba fanninsa ba ne. Na ciro sandar da tsumma, na saita, na duba, na sake dubawa. Mai ya fallatso ya ƙone ni a gindin babban yatsa, ban ko tsaya ba.

"Murɗa, Comfort. A hankali. Bismillahi."

Ita ma ta yi tata addu'ar ta murɗa. Bushin ya shige sumul, ba ƙara, ba gardama. Na ɗaga sandar sama na leƙa ramin mai, na hango hasken rana ta ciki.

Sharewa ta ɗauke mu har bayan azahar. In juya rima kaɗan, in goge, in shafa wa fin mai, in gwada. Ya ƙi. In ƙara. Comfort tana yi mini fifita da murfin kula tana cewa ita dai ba ta taɓa ganin wadda ke gina wa kanta rami da ƙwazo haka ba. Can na ɗora fin a baki, na sa babban yatsana, na danna.

Ya tafi a hankali. Bai tsaya ba, bai faɗo ba.

Na zauna a ƙasan shagon na yi kuka mai isata. Babu wanda zai ce mini "kawo ma'aunina", ga ma'aunin ya yi aiki, kuma don Mannir ya yi aikin.

Muka mayar da komai cikin tsumma yadda ya bar shi. Na wanke tukunyar da toka na rataye ta a ƙusarta. Bushin ɗin da ya tauna na cusa shi cikin tokar bayan murhu. Na yi wanka da sabulu mai ƙamshi, na kankare farce da tsinke, na shafa lalle a kan ƙunar don ta ɓace. Da Inna ta dawo da yamma ta tsaya a tsakar gida, ta ɗan ja numfashi ta hanci.

"Ya kan naki?"

"Da sauƙi, Inna."

"Madalla," ta ce, ta shige ɗaki.

Ran Asabar gidanmu ya cika tun hantsi. Mata da ƙore da robobi sun yi layi har bakin rijiya. Yaya Balkisu ta iso daga Bungudu da leshi ruwan goro da jaka mai sarƙa, tana shiga tana fita kamar ranar ɗaurin aure. Inna ta ɗaura atamfarta mai ganye. Baffa Bawa ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya gayyato abokansa biyu. Mannir ya zo da shadda ruwan sararin samaniya, ya kafa sandar wayarsa, ya ce yau kai tsaye za a yi, duniya ta gani.

Ya warware tsumman, ya ɗaga sandar. Fistin ya kaɗa da kansa, lumui. Na ce a raina shi ke nan, ya gane. Ya kaɗa shi ya sake kaɗawa, ya ɗan yamutsa goshi. Sai fuskarsa ta washe, ya juya ga wayar.

"Kun gani, jama'a? Ƙarfe in ya kwana yana sakin jiki. Sirrin aiki kenan."

Comfort ta cusa bakin mayafi a baki, kafaɗunta suna rawa. Ni ko dariyar ban iya ba. Mutumin da bai san aikin hannunsa ba in an canza masa, shi ne zai san matar da ke gidansa?

Ya haɗa sauran, ya zuba mai, ya zuba gas. Ya kama hannun tayarwa ya murɗa, hular ta faɗi, ya murɗa. Injin ya yi tari, ya tofar da baƙin hayaƙi, ya sake tari, sannan ya kama. Tum, tum, tum, tum. Lafiyayyar ƙara, mai nauyi, babu ƙwas ko ɗaya a cikinta. Ƙasar gidanmu ta ɗauki rawar nan da na sani tun ina rarrafe.

Guɗa ta tashi. Yaya Balkisu ta rungume ni tana cewa, "Kin gani? Kin gani, mai iyayi?" Aka niƙa ƙwaryar farko, ta biyu, ta biyar, injin ko gezau. Mannir yana tsaye a gabansa da hannu a ƙugu yana amsa gaisuwar mutanen waya. Ina jin Baffa daga zaure yana cewa, "Magana ta ƙare. Bayan kaka in Allah ya so."

Na riga na yanke cewa ba zan ce komai ba. Wa zai yarda? In na buɗe baki a ce baƙin ciki ne, a ce na tozarta baƙo a gaban manya, a ɓata wa Inna ranar da ta daɗe tana jira. Na zaɓi injin, to in haɗiye abin da ya zo da shi.

Inna tana bakin taga, ba ta yi guɗa ba. Ta jingina kai da bango ta rufe ido tana saurare, ta daɗe a haka. Da ta buɗe ido ba injin ta kalla ba, ni ta kalla. Ta wuce madafa, can ta kira ni.

"Sahiya. Zo ki kai ma baƙi ruwa."

Ta riga ta shirya tire, babban nan mai fure, an rufe da faifai. Da na miƙa hannu zan ɗauka sai ta kama babban yatsana, ta juya shi, ta shafa ƙunar da ke ƙarƙashin lallen. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa.

"Tahi," kawai ta ce.

Na gyara mayafi, na yi sallama a zaure. Mannir ya fito daga shago ya zauna kusa da Baffa, ya juyo da wayar tana kallon tabarma, wai a ga surukai. Na durƙusa na ajiye tiren.

"Yawwa ɗiyata," in ji Baffa. "Zuba ma Injiniya, ki yi mishi godiya. Yau ya hidda mu kunya."

Na ɗaga faifan.

Ga jug na zoɓo, ga kofuna. A tsakiyarsu kuma, a kan ɗan farantin tangaran na kayan ɗakin Inna wanda ba a fito da shi sai babban baƙo, ga bushin ɗin Mannir. An tono shi daga toka, an wanke shi tas, kowane sawun guduma yana ƙyalli.

Murmushin Mannir ya tsaya a inda yake. Ya dubi farantin, ya waiga ya dubi injin da ke ta bugawa, ya dawo ya dubi farantin.

Baffa ya ɗauka ya jujjuya. "Mi na wanga kuma?"

Sai muryar Inna ta fito daga bayan ƙyauren zaure, Innar da ban taɓa jin ta ɗaga murya a gaban baƙi maza ba.

"Bawa, tambayi Injiniya inda yab bar shi. Shekarun da niy yi ina ɗora ma yayanka tukunyar mai, na san ƙarar aikin guduma, na san ta aikin hannu. In gayya ta, a ba mai gayya ladarta. Dubi yatsan ɗiyata."

Injin yana ta tum, tum, tum daga shago. Baffa ya sauke ido a kan hannuna, ni kuma ban ɓoye shi ba. Mannir ya sunkuyar da kai yana murza zoben da ke ƙaramin yatsansa.

Wayarsa kuwa tana nan kan sandarta tana kallonmu, ɗan jan ɗigon nan yana ta ƙiftawa. Ya manta bai kashe ta ba.